Nawa a Cikin Nawa: Masu Juya Awo a Ƙasar Magariya

Kwalabe biyu na maganin zazzaɓin yara suna iya haɗuwa a ɗaki ɗaya a garin Bande. Ɗaya daga farmasin Damagaram aka sayo ta, an rubuta 2,4% a jikinta. Ɗayar ta biyo kayan fatake daga Kano ko Daura, rubutunta 120mg/5ml. Dukkansu farasitamol ne. Kakar yaro sai ta ƙulle su a bakin zane ta kai gidan likita, ta ce, "Malama, dubo mini, wanne ya fi ƙarfi?" Ma'aikaciyar ta juya wannan, ta juya waccan, ta ce, "Duk ƙarfinsu ɗaya ne, Inna. Amma guda za ki ba shi, kada ki haɗa masa biyun."

Amsar ba ta ɗauke ta ƙiftawar ido uku ba, sai dai hanya ce ta bi kafin ta kai gare ta. Kashi 2.4 cikin ɗari a kwalbar magani yana nufin giram 2.4 a cikin mililita 100. Giram 2.4 miligiram 2,400 ne. A raba su gida ɗari, kowace mililita ta tashi da miligiram 24. Mililita biyar ke nan suna ɗauke da 120, daidai abin da kwalbar Nijeriya ta faɗa da nata salon. Daga nan sai ta ɗora yaron a sikeli. Idan kilo 8 ne, kuma ƙa'ida miligiram 15 ga kowane kilo, to miligiram 120 yake bukata, wato mililita biyar cif.

Wannan gwaninta nake so in yaba. Ba ta da digiri nata na kanta, ba wanda ake kira da sunanta, amma ban san wata ƙwarewa ta lissafi da rai ya rataya a kanta kullum kamar ta ba. Ita ce iya duban lamba a tambaye ta abu biyu, nawa ne, kuma a cikin nawa, sa'an nan a mayar da ita wani awon ba tare da ƙwaya ɗaya ta zube a hanya ba.

A ko'ina ana bukatarta, amma ƙasar Magariya ta fi wurare da yawa matsuwa da ita. Bande tana kan titin da ya taso daga Damagaram ya ratsa Magariya ya shiga Nijeriya, a kwarin Korama inda ake noman rake da kayan lambu. Gabas da ita ga Dungas, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Mutanen wannan yanki da na Daura da Ɓaɓura dangin juna ne, kasuwa ɗaya, aure ɗaya, harshe ɗaya. Takardu ne kawai suka rabu. Na wannan gefe sun gaji awon Faransa, na can sun gaji na Ingila da Amurka. Ko alamar da ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta ba ɗaya ba ce: a Nijar waƙafi ake sawa, a Nijeriya ɗigo. Wanda ya rubuta 1,250 a Kano dubu da ɗari biyu da hamsin yake nufi. Wanda ya rubuta haka a Magariya ɗaya da kwata yake nufi. Tsakaninsu ninki dubu ne. Saboda haka ma'aikacin lafiya a nan aikinsa ya yi kama da na ɗan canji a bakin iyaka, mai juya sefa zuwa naira ba tare da ya taɓa takarda ba, sai dai shi farashinsa ba ya hawa ba ya sauka, kuma idan ya yi kuskure ba kuɗi ake asara ba.

Tushen ilimin ya girmi asibiti. Mai awo a kasuwa ba ta ɗora gero a sikeli, tiya take cikawa har ta yi tsororuwa. Amma kowa ya san buhu mai kilo 100 yana cin tiya 40 ko kusa da haka, wanda ke nufin tiyar gero kilo biyu da rabi ce. Ka cika wannan tiyar da gyaɗar da ba a ɓare ba, hannunka kaɗai zai gaya maka ba ta kama ƙafar ta gero ba. Kwanon bai canja ba, abin da ke ciki ne ya bambanta wajen yadda nauyinsa ya cushe. Dillalin da ya sayi hatsi da tiya zai sayar wa mai saye da kilo dole ya riƙe lambar kowane iri a kansa, ta gero daban, ta wake daban, ta riɗi daban, in ba haka ba ya ci uwar kuɗinsa yana murna.

Haka mata masu man gyaɗa. Sun san jarkar mai ba ta kai jarkar ruwa nauyi ba, domin litar man gyaɗa giram 910 zuwa 920 ce, jarka mai lita 25 ba ta wuce kilo 23 ba. Ka cika ta da zuma kuwa ta kai kilo 35, saboda litar zuma ta kai kilo 1.4. Direban tanka da ke lodi a matatar SORAZ, arewa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, shi ma wannan lissafin ne abincinsa. Litar fetur kusan giram 740 ce, ta gas ɗin manyan motoci kusan 840. Tan guda na fetur ke nan ya kai lita 1,350, na gas kuwa bai cika 1,200 ba. Ƙari a kan haka, mai yana kumbura da zafi, litar azahar ba ta kai litar asuba nauyi ba, shi ya sa masu wannan ciniki suke mayar da duk awonsu ga zafi na digiri 15 kafin su sa hannu.

Duk waɗannan lambobi da ruwa ake gwada su, kuma ba haka kawai abin ya faɗo ba. Lokacin da Faransa ta kafa awon mita a 1795, da ruwa ta yanka giram, aka kuma ƙera kilo na farko a 1799 daidai da nauyin lita guda ta ruwa mai sanyin digiri 4. Wannan shawara ta sauƙaƙa wa duniya aiki ƙwarai. Mililitar ruwa giram ɗaya ce. Lita kilo ɗaya. Tankin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa mita ɗaya-ɗaya ne yana cin lita 1,000, nauyinsu tan guda. Don haka idan wani littafi ya ce man gyaɗa 0.92 ne, wani ya ce 920, ba saɓani suka yi ba: na farko kilo a lita yake faɗa, na biyu kilo a wancan tankin. Kuma tun da litar ruwa miligiram miliyan ɗaya ce, miligiram guda a lita daidai yake da kashi ɗaya cikin miliyan.

Mutum zai ce kashi ɗaya cikin miliyan ai ba komai ba ne. Mutanen Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, sun san ba haka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sinadarin fuloraid a ruwan sha miligiram 1.5 a lita. Ruwan famfon da garin ya sha tun daga tsakiyar shekarun 1980 ya ninka wannan iyaka, kuma an ɗauki shekaru kafin a gane. Yara da yawa haƙoransu sun rine, wasu ƙasusuwansu sun lanƙwashe. Ruwan garau yake a kofi, ba launi ba wari. Wanda ya iya karanta miligiram a lita ne kaɗai zai iya ganin abin da ke ciki.

Inda na fi ganin girman wannan gwaninta shi ne sashen yara na asibitin Magariya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki tare da ma'aikatar lafiya ta Nijar a 2005. Idan damina ta zauna, rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna tasowa tare. Ƙananan gidajen likita na karkara, har da na Bande da na ƙasar Dungas, suna turo yaran da ciwonsu ya fi ƙarfinsu, sashen ya cika da ɗaruruwan yara a lokaci guda. A irin wannan wata ma'aikaciyar jinya tana iya haɗa allura sau da yawa a dare ɗaya, kowace da lissafinta.

Ɗauki allurar atesunet, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a kan kinin don yara masu zazzaɓi mai tsanani tun 2011. Gari ne fari a 'yar kwalba, miligiram 60. Ma'aikaciyar za ta zuƙo mililita ɗaya ta ruwan bikabonet da ya zo tare da shi ta tsiyaya a ciki, ta girgiza. Da farko ruwan ya yi dishi-dishi, sai ta ɗaga kwalbar ta yi ta juyawa har ya washe. Idan bai washe ba, jefarwa za ta yi. Sai ta ƙara mililita biyar na ruwan gishirin asibiti. Yanzu miligiram 60 suna cikin mililita shida, kowace mililita tana ɗauke da goma. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram uku ake ba shi ga kowane kilo. Mai kilo 10 ke nan talatin yake bukata, wato mililita uku ta jijiya. To amma a ce jijiyar ta ɓuya, yaro ya bushe, an nema an rasa, sai ta tsoka. A nan mililita biyu kawai za ta ƙara maimakon biyar, don kada ruwa ya yi wa cinyar yaro yawa. Ƙarfin ya koma miligiram 20 a mililita, abin da za a zuƙa ya ragu da rabi. Kwalba iri ɗaya, yaro ɗaya, magani ɗaya, amma wanda ya haddace "mililita uku" bai san daga ina ukun ta fito ba zai ninka wa yaro magani. Gwanar ba mililita take riƙewa a ka ba, miligiram take riƙewa, ta fitar da mililita sabuwa kowane karo. Kuma abin da aka haɗa ba ya jira, cikin awa guda ake amfani da shi.

Lissafin sukarin jini ya fi wannan haɗari, domin awo uku ne suke yawo a yankin. Takardar gwaji ta Nijar giram a lita take rubutawa. Na'urorin hannu da yawa miligiram a desilita suke nunawa, desilita kuwa ɗaya bisa goma ce ta lita. Wasu asibitocin Nijeriya da wasu na'urorin milimol a lita suke bi, wanda ƙwayoyin sukarin yake ƙirgawa ba nauyinsu ba. Iyakar da ake cewa mutum yana da ciwon sukari, idan an gwada shi kafin ya karya kumallo, lamba ɗaya ce mai riga uku: 1,26 a takardar Damagaram, 126 a na'ura, 7 a takardar Kano. Daga ta farko zuwa ta biyu a ninka da ɗari. Daga ta biyu zuwa ta uku a raba da 18. Dattijo yakan dawo daga ganin likita a Kano da takarda mai lamba 7 alhali ya saba ganin ɗaya da wani abu, hankalinsa a tashe, sai ma'aikaci ya zaunar da shi ya ce, "Baba Alhaji, kwantar da hankalinka, bai hau ba. Awon can ne daban."

Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne a shigo da yaro a sume, a soki yatsa, na'ura ta nuna 2.5. Idan giram a lita ne, sukari ya yi yawa ƙwarai, miligiram 250 ke nan. Idan milimol ne, miligiram 45 ne kacal, ƙasa da 54 da ake ɗauka a matsayin faɗuwar sukari ga yaro mai tamowa, kuma ƙwaƙwalwarsa tana cikin haɗari a wannan minti. Lamba ɗaya, hukunci biyu masu kishiyantar juna. Ma'aikaciyar da ta san aikinta idonta ba ya tsayawa a kan manyan lambobi, yana gangarawa kan ƙananan haruffan da ke gefen allon. Ta ga milimol ne, sai wani lissafin ya taso. Yaro ruwan sukari mai kashi 10 ake ba shi, mililita biyar ga kowane kilo, mai kilo 10 ke nan mililita 50. Idan mai kashi 50 kaɗai ke cikin kabad, ba a tura wa yaro shi haka, yana ƙona jijiya. Sai ta zuƙi mililita 10 daga ciki, waɗanda ke ɗauke da giram biyar na sukari, ta cika da mililita 40 na ruwan allura. Giram biyar a mililita 50, kashi 10 ya fito. Duk wannan tana yi uwar yaro tana kuka a kanta. Ni a wurina wanda ya iya riƙe lissafi daidai a irin wannan hali ya cancanci girmamawar da ake ba likitan fiɗa.

Awon yawan jini ma haka yake, sai dai ya fi sauƙi. Giram biyar a desilita, inda ake cewa jinin yaro mai zazzaɓi ya yi ƙasa matuƙa, shi ne 50 idan an rubuta da lita, shi ne kuma kusan kashi 15 a takardar Nijeriya mai auna kaurin jini, domin awon kaurin jini yakan ninka na giram a desilita sau uku.

'Yan makarantar firamare a Nijar suna koyon jadawalin nan mai gidaje, kilo a hagu, miligiram a dama, ana matsar da waƙafi gida-gida. Jadawali ne mai kyau, kuma yawancin waɗannan ma'aikata daga gare shi suka taso. Abin da ba ya koyarwa shi ne hankalin da ke tsayar da hannu idan amsa ta fito ba ta yi kama da gaskiya ba. Gwani ya san allurar jariri ba ta cika babban sirinji, ya san mai ba ya fin ruwa nauyi. Idan lissafi ya ce masa haka, ya san waƙafi ya zame, sai ya koma baya. Da malamai za su riƙa shiga aji da tiya da sikeli da kwalbar mai, da yara sun fita da wannan hankalin tun kafin su ga asibiti. Mai lambu a Korama ma yana bukatarsa, domin maganin ƙwarin da wani kamfani ya rubuta wa 25 g/l shi ne wanda wani ya rubuta wa 2.5 EC, kuma wanda ya ɗauka na biyun ya fi rauni sau goma zai ƙona tumatirinsa ya kuma cuci mai ci.

Akwai wuri guda da nauyin ruwa da ƙarfin abin da ke cikinsa suke haɗuwa a lissafi ɗaya, shi ne sinadarin kulorin. A 2021 kwalara ta shiga jihohin Maraɗi da Damagaram da wasu sassan ƙasar, kuma a sansanin masu amai da gudawa kulorin ne katanga tsakanin mara lafiya da mai jinya. Ƙarfi uku ake haɗawa. Mai kashi 2 na amai da bayan gida da wankan gawa. Mai kashi 0.2 na daɓe da gadaje. Mai kashi 0.05 na wanke hannu. Garin kulorin da ake kawowa a bokiti ba tsantsa ba ne, kashi 65 zuwa 70 ne mai aiki. Don a sami giram 20 na mai aiki a lita, wato kashi 2, sai an zuba kusan giram 30 na gari. Daga wannan ake tsinka sauran: awo ɗaya da ruwa awo tara ya ba da 0.2, shi kuma awo ɗaya da ruwa awo uku ya ba da 0.05. Idan bokitan suka cakuɗe, ko hannun ma'aikaci ya saɓule ko ƙwayar cuta ta tsira.

Idan gari ya ƙare sai a koma ga ruwan jabel na kanti, nan ma iyaka ta sake bayyana. Na Nijeriya yakan rubuta kashi 3.5. Tsohon salon Faransa digiri yake rubutawa, kowane digiri giram 3.17 a lita. Mai digiri 12 ke nan yana da giram 38 a lita. Mai gaggawa zai ce kashi 3.8 ne. Gwani zai ce 3.6, domin kashin da ake nufi a nan na nauyi ne a cikin nauyi, litar jabel kuwa ta ɗara ta ruwa, ta kai giram 1,050 da ɗoriya, kuma da wannan ake raba 38 ɗin ba da dubu ba. Bambancin kaɗan ne a nan, amma wanda ya san dalilinsa shi ne wanda ba zai ruɗe ba ranar da aka miƙa masa ruwa mai kauri sosai, inda bambancin yake da yawa.

Kulorin na ruwan sha kuwa ƙarfinsa can ƙasa yake, miligiram ake magana. Ƙwayar Aquatabs mai miligiram 67 an yi ta ne don jarka mai lita 20 ta ruwa garau. Kusan miligiram 40 na kulorin take saki, biyu ke nan a kowace lita. Dattin da ke cikin ruwan yana cinye wani kaso, abin da ake so ya rage bayan minti 30 shi ne rabin miligiram a lita lokacin annoba. Mai kula da bakin rijiya ba ya dogara da lissafin takarda kaɗai, domin garin kulorin yana rasa ƙarfi idan ya daɗe a zafi, ruwan kowace rijiya kuma da irin cinsa. Yakan jera bokitai huɗu ko biyar masu lita 20, ya ɗiga wa kowanne ruwan kulorin mai kashi ɗaya da sirinji, wannan mililita ɗaya, wancan ɗaya da rabi, na gaba biyu, a haka. Bayan rabin awa ya ɗebi kaɗan daga kowanne a 'yar na'urar gwaji, ya jefa ƙwayar da ke rina ruwan ja-ja, ya gwada da launukan da ke gefe. Bokitin da ya ba da 0.5 shi ne awon wannan rijiyar, da shi zai yi wa kowace jarka. Idan aka yi ruwan sama rijiyar ta gurɓace, gobe da safe sai ya sake jera bokitan.